Idan ƙaramar hukuma ta karɓi yaro a Ingila

Mun zauna da wasu iyaye da masu riƙon yara, ga abin da na tsinta.

Wata da ta daɗe tana riƙo ta ce a fara da Dokar Yara ta 1989. Idan da yardar iyaye aka karɓi yaro, a sashe na 20, ikonsu a kan yaron yana nan. Idan kotu ce ta ba da umarni a sashe na 31, hukuma ta shigo cikin ikon. Kada a sa hannu sai an san wanne ne.

Sashe na 22 ya fi taɓa ni: dole hukuma ta duba addinin yaro da harshensa da al'adarsa. Don haka a sa a rubuta batun salla da abincin halal tun zaman bita na farko, wato taron duba tsarin kula da yaron, wanda ake yi cikin kwanakin aiki 20 bayan an karɓe shi. Na biyu cikin wata 3 bayan na farko, sannan duk wata 6. A kawo sunayen dangi da wuri, doka ta fifita su a kan bare.

Wani ya ƙara da cewa wata doka ta 2017 ta ba matashin da ya bar riƙo damar samun mai ba shi shawara har shekara 25.