Wace kalma za a ba yara a madadin "tsunami"?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Akwai labarin minti 7 na filin yara da za a naɗa ranar Alhamis, don ya fita a rediyo 5 ga Nuwamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2015 domin faɗakarwa kan tsunami. Labarin Hamaguchi Goryo ne, mutumin ƙauyen Hiro a Japan, wanda a 1854 ya cinna wa dammunan shinkafa wuta don mutane su ga hanyar tudu cikin duhu. Masu sauraro 'yan shekara 8 zuwa 12 ne. Guguwar tsunami zan ce, ko igiyar ruwa, ko ambaliyar teku?

Malamin Jogarafi: Wa'alaikumus salam Malama. Ki fara jefar da "guguwa", ko da ana jin ta a labarai. Guguwa iska ce, yaro zai ɗaga kai yana duban hadari, alhali abin yakan zo rana tsaka sararin sama fes. Ƙasan teku ne ke motsawa, galibi saboda girgizar ƙasa, sai ya ɗaga ruwan tun daga ƙasa har sama. A tsakiyar teku yana gudun kusan kilomita 800 a awa, tsayinsa bai cika kai mita ɗaya ba, sai ya iso gaɓa ya rage gudu ya yi toroƙo. "Igiyar ruwa" kuma ta yi ƙarama, har a tafki akwai ta.

Ɗan Gidan Rediyo: Ambaliyar teku ta fi zama a baki.

Malamin Jogarafi: Ta fi, amma ambaliya a kunnen yaro ruwan Agusta ne mai tasowa sannu a hankali, har a kwashe tabarmi da awaki. Nan kuwa idan girgizar ta kusa ce, minti 10 zuwa 30 ake da su.

Dattijo Mai Nahawu: Ɗufanar teku. Na sha faɗa, ba mu rasa kalma ba, nema ne ba ma yi. Wane yaro ne bai san ruwan Ɗufana ba? Ta ɗauki girma, ta ɗauki halaka, kuma tamu ce. Yau mu ari ta Turawa, gobe ta Japanawa, me za mu bar wa jikoki?

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, tana da nauyi kam. Tsorona shi ne yaro ya ɗauka azaba ce da babu mai tsira daga gare ta, alhali labarin na koyar da yadda ake tsira ne.

Ɗan Gidan Rediyo: Kuma Baba, ɗufana ai daga Larabci ta zo. Ita ma aro ce, ta dai daɗe a gida. Ingilishi da Faransanci duk sun ɗauki tsunami yadda take, ba wanda ya ce sun ƙasƙanta.

Dattijo Mai Nahawu: Su ba sa fargabar harshensu ya shuɗe. Kada ka haɗa mu da su, ɗana. Kuma kalmar da ta yi ɗaruruwan shekaru a bakin malamai ba ɗaya take da wadda ta shigo ta rediyo a 2004 ba.

Malamar Firamare: Baba yana da hujja ta wani ɓangare. A tsibirin Simeulue na Indonesiya suna da kalmarsu, "smong", da suka riƙe cikin waƙoƙi da labaran kakanni tun bala'in tsunamin 1907. A tsunamin ranar 26 ga Disamba 2004 mutum kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, amma a tsibirin, mai mutum fiye da 70,000 kuma daf da inda aka yi girgizar, waɗanda ruwan ya ci ba su kai 10 ba. Sai dai abin da ya cece su umarnin da ke manne da kalmar ne: ƙasa ta girgiza, teku ta ja baya, a hau dutse. Mu yaronmu zai gamu da abin ne a baƙuwar ƙasa, kuma a allon gargaɗi da lasifika "tsunami" zai gani ya ji. Dole ya gane ta.

Malama, ko wace kalma kika ɗauka, alamu uku su fito a bakin ɗan wasa: girgizar da ta hana tsayuwa ko ta daɗe, teku ta janye har kifi ya bayyana a yashi, da rugugi kamar na jirgin ƙasa. Ɗaya ta isa, ba a jiran sauran, don ba kullum tekun ke janyewa ba. A gudu da ƙafa, mota cunkoso take haddasawa. A nemi tudun mita 30, ko a yi nisan kilomita 3 daga gaɓa. Wurin da aka fi kuskure shi ne komawa bayan igiyar farko, ta biyu ko ta uku takan fi ta girma, kuma abin yana ɗaukar awoyi. Sannan kada ki buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", yara za su sa shi a layin Gizo da Ƙoƙi.

Malamin Jogarafi: Ga kuma sauƙi: "tsu" tamu ce, kamar a tsuntsu da tsumma. Namiji ne, tsunamin ya iso.

Mai Fassara: To ga yadda na rubuta. Karon farko: "tsunami, wato ambaliyar teku mai biyo bayan girgizar ƙasa". Daga nan tsunami kawai. Wurin da Hamaguchi ke kiran mutane kuma: "Teku ta taso, ku hau tudu!"

Dattijo Mai Nahawu: Kiran Hamaguchi ya yi. Sauran ban gamsu ba, amma tunda Alhamis ta matso, ki naɗa. Idan an zo rubuta littafin makaranta zan sake kawo ɗufanar teku.