Iyayen da aka sa wa jariransu robar kai, ku ba mu labari

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Litinin ɗin da ta wuce aka yi wa Haidar aikin ruwan kai, watansa huɗu. An sa masa robar nan da ake kira shant, mai janye ruwan da ya taru a kai, wadda ta bi bayan kunne ta sauka har ciki. Gobe za a sallame mu, kuma likita ya ce babban abin gudu shi ne ƙwayar cuta ta kama robar. Tun da ya faɗa barci ya ƙaurace mini. Waɗanda suka riga ni, me kuka gani?

Maman Ilham: Wa alaikumussalam, Allah ya ba shi lafiya. Ni zazzaɓi ne ya yaudare ni. Sati biyar da aikin jikin Ilham ya yi zafi, ga damina, kowa a gida ya ce maleriya ce. Na aika kemis aka kawo magani. Kwana uku zafin na sauka yana dawowa. Rana ta huɗu ina mata wanka sai na ga jan layi daga bayan kunne har ƙirji, daidai hanyar robar, kamar an ja da biro. Ta ƙi nono, maɗigarta ta taso ta yi tauri. Da muka koma aka ɗebi ruwan aka auna. Wallahi na zaci allura za a yi mu dawo gida. Ashe sai an cire robar ɗungurungum, aka sa ta wucin gadi mai zuba ruwan a jaka gefen gado, muka yi sati uku ana ba ta magani ta jijiya, sannan aka sake aiki. Babur ɗin Abbanta a nan ya tafi. Yanzu ko ɗumi na ji, wurin waɗanda suka yi aikin nake nufa.

Anti Nas: Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. A ɗakin yara nake aiki. Yawanci ƙwayar da ke zaune a fatarmu ce, sitafilokokas, take samun hanya lokacin tiyata ko ta bakin ɗinki, shi ya sa wata shida na farko suka fi haɗari. Idan ta manne a roba takan yi wa kanta rufi da magani ba ya ratsawa sosai, dalilin cirewar ke nan. Akwai robar da aka jiƙa da maganin kashe ƙwayoyi. Binciken da aka yi a Birtaniya da Ayaland, aka fitar a 2019, ya nuna ta rage kamuwa daga 6 cikin 100 zuwa 2. Tana da tsada, mu nan wata roba mai suna Chhabra ta Indiya aka fi sawa, ita ma tana aiki. Maman Haidar, naki dai: sabulu kafin ki taɓa kan, kuma in kin ga ruwa garai-garai na tsattsafowa daga ɗinkin, kada ki jira gari ya waye.

Baban Sadik: Ni da Hajiyata muka sha fama. Ta kawo wani ƙulli a shafa a maɗiga, ta kuma ce a kira wanzami. Ban iya yi mata musu ba, sai na ɗauke ta muka je ganin likita tare. Da ta ji daga bakinsa, ita ce yanzu ke korar masu zuwa dubiya su ce bari su taɓa kan.

Maman 'Yan Biyu: Ku kula da ɗan tudun nan da robar ke yi a bayan kunne. Kan Hassana nauyi gare shi, kullum ta ɓangaren take kwanciya, fatar kuma sirara ce. Wurin ya yi ja, ya fara sheƙi, saura ƙiris ya ɓule. Nas ta ce da robar ta leƙo, da sai sabon aiki. Na koma juya mata kai lokaci-lokaci, har da dare. In zan goya ta kuma sai na duba bakin zani bai danne wurin ba.

Maman Haidar: Na gode, Allah ya bar zumunci. Anti Nas, wanka fa? Kakarsa har ta tanadi ruwan zafi.

Anti Nas: Ki goge masa jiki da tsumma mai tsabta, kai da ɗinkin ciki kada ruwa ya taɓa su sai likitansa ya ba da izini. Gobe kafin ku fito ki karɓi lambar da za ki kira ko da tsakar dare ne.