Za a sa wa 'yata robar abinci ta ciki, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Don Allah a sakaya sunana. 'Yata watanta takwas. Ba ta yi kuka da wuri ba da aka haife ta, abin ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, har yau ba ta iya haɗiya sosai. Da an ba ta nono sai ta ƙware, ya bi mata huhu, mun sha kwanciya asibiti saboda limoniya. Yanzu ta robar hanci take ci, kullum kuma sai ta fizge. Likitan tiyatar yara ya ce a huda cikinta a sa roba har cikin tumbi. Abbanta ya amince, amma Hajiyarsa ta ce ba da yawunta za a huda jinjira ba. Ni kaina barci ya gagare ni. Waɗanda suka san abin, me zan tanada?

Wata uwa: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ta lafiya. Nawa ɗan da ita yake rayuwa, kuma sai bayan an sa masa na ga ya fara kumari. Tiyatar ba ta da tsawo, aikin yana bayanta. Kar ki yarda a sallame ku sai kin ba ta abinci da hannunki a gaban nas, kin wanke robar, kin goge bakin ramin. Abbanta ma ya koya, don ke ma mutum ce, wata rana za ki kwanta ciwo. Hajiya kuwa ku tafi da ita wurin likita ta ji da kunnenta. Tawa surukar sai da ta ga wani yaro mai robar yana wasa a layin asibiti sannan ta sauko.

Ma'aikaciyar jinya: Maman yarinya, ki riƙe waɗannan. Kafin allurar barci ana dakatar da nonon uwa awa 4, madarar gwangwani awa 6, amma lokacin da likitan barci ya faɗa miki shi za ki bi. Kar tausayi ya sa ki ɗiga mata wani abu a ɓoye, amai a cikin barcin nan yana iya shiga huhu. In tana shan maganin jijjiga, ki tambaya yadda za a ba ta na safiyar ranar, ba a tsallake shi da ka. In ta tashi da zazzaɓi ko tari ana gobe, ki sanar da su.

Abin da ya fi damuna shi ne fitar robar. Ramin yana ɗaukar makonni, aƙalla shida, kafin ya kama, kuma in robar ta fita yana iya tsukewa cikin 'yan awoyi. A wannan lokacin kar ki ce za ki mayar da kanki. Ki rufe da bandeji mai tsabta ku kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne. Haka in cikinta ya kumbura, ko tana tsala kuka duk lokacin da aka zuba abinci, ki dakata ku tafi. Ki kuma tambayi likita ko zai haɗa da aikin da ke hana abinci dawowa sama, don robar kaɗai ba ta tsayar da tumbiɗi.

Wata dattijuwa: 'Yata, ki riƙa shafa mata zuma a wurin, ki ɗan zuba mata a robar da man habbatus sauda. Sai addu'a.

Ma'aikaciyar jinya: Mama, a gafarce ni, addu'a kam muna so, amma ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma, ta baki ko ta roba. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Ba a kuma gasa wurin da tsumman ruwan zafi irin na cibiya. Jan naman da kan tsiro a gefen ramin ba abin tashin hankali ba ne, a nuna wa likita kawai.

Wani uba: Ni maganar kaya zan yi. Ku sa a rubuta muku lambar kaurin robar da irinta a takarda, ku nemi ta ajiya tun yanzu, don ba kowane kemis ke da ta yara ba. Sirinji ma ku saya da yawa. Bayan kowane abinci da magani a bi da dafaffen ruwan da ya huce, adadin da aka ce muku. Koko mai kauri da ƙwayar da ba ta daku ba su ne masu toshe ta. In ana tatsar nono babu wuta, kar ya wuce awa 4 a waje, da zafin nan ma gara ƙasa da haka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To goyo fa? Ita ba ta barci sai a baya.

Wata uwa: Makonnin farko ki haƙura, zane zai danne robar ya ja ta. Ki rungume ta a kafaɗa, dama ana so kanta ya kasance a sama kamar rabin awa bayan ta ci. Ki sa mata riga mai maɓalli a ƙasa don hannunta ya kasa kaiwa. In ramin ya warke sai ki tambayi likita, ni dai daga baya na ci gaba da goyon nawa.