Shin dole ne in ci kwasa-kwasan GST kafin a ba ni digiri?

Sabon Ɗalibi: Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatun injiniyan lantarki, amma da na je rajista sai na tarar an sa mini darasin Turanci da na al'adun al'ummomin Najeriya, waɗanda ban ga haɗinsu da abin da na zo karantawa ba. Wani ɗan aji uku ya ce kada in ɓata lokaci a kansu. Ina roƙon wanda ya san ƙa'idar ya yi mini bayani kafin in bi shawararsa.

Malamar Jami'a: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bi wannan shawara. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ta wajabta waɗannan darussa na gama-gari, waɗanda ake kira GST, a kan kowane ɗalibin digirin farko, ko likita zai zama ko lauya. A manhajar karatun jami'o'i mai suna CCMAS da aka ƙaddamar a watan Disamba na 2022, hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa jami'o'i kashi 30, kuma darussan da kake magana a kai suna cikin kason hukumar. A aji ɗaya akwai GST 111 na Turanci da GST 112 na al'ummomin Najeriya da al'adunsu, a aji biyu falsafa da manɗiki, a aji uku zaman lafiya da sasanta rikici, ga kuma darussan dogaro da kai ta hanyar kasuwanci. Sunan kan bambanta, domin a Jami'ar Bayero GSP ake cewa, a Jami'ar Ahmadu Bello kuma GENS.

Ka kuma duba lissafin. Darasi mai yunit 2 (yunit shi ne ma'aunin nauyin darasi) idan ka ci shi da A ya ba ka maki 10, wato 5 a kan kowane yunit, idan ka faɗi ka tashi da sifili, amma yunit biyun nan suna nan cikin abin da za a raba makinka da shi, saboda haka CGPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na duk darussa, zai sauka tun a zangon farko.

Tsohon Ɗalibi: Ƙanina, ni ganau ne. A shekarata ta farko sau biyu kacal na shiga ajin Turanci, domin mun fi ƙarfin zauren, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya, lasifikar kuma tana yi tana ɗaukewa. Na faɗi jarrabawar, na riƙa ɗage maimaita ta saboda tana cin karo da darussan sashenmu, har abokaina suka tafi bautar ƙasa ni ina zaune cikin 'yan aji ɗaya ina jiran a kira lambata in shiga ɗakin kwamfuta in sake jarrabawar. Shekara guda na rasa a kan darasin da na raina.

Mai Nazari: Malama ta faɗi ƙa'ida, amma da izininta zan ce ƙorafin ɗalibai ma yana da tushe. Tsarin GST ya shigo ƙasar nan ne ta Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a farkon shekarun 1960, bisa salon Amurka da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, kuma manufarsa ita ce kada a yaye masanin da bai san komai ba sai fanninsa. To amma ba a koyon rubutu a zauren da malami ba zai iya duba takardar kowa ba, kuma jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu ba ta nuna ko ɗalibi zai iya rubuta rahoto mai shafi biyu.

Malamar Jami'a: Ban musa ba, Malam, yawan ɗaliban ya fi ƙarfinmu. Kai kuma ɗana, ka je wurin malamin da ke kula da ajinku ya duba fom ɗin rajistarka kafin a rufe, ka kuma zo aji da wuri ka samu kujerar gaba.