Musayar Waƙa Kan Ƙawancen Sa'adabad na 1937

Baban Zainab: Assalamu alaikum. Maudu'inmu shi ne yarjejeniyar da Turkiyya, ƙarƙashin Shugaba Ataturk, da Iran da Iraƙi da Afganistan suka sanya wa hannu a fadar Sa'adabad da ke Tehran ranar 8 ga Yuli, 1937, wadda masana tarihi suka yi saɓani kan dalilin ƙulla ta. Amsa-amonmu "ya" ne.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Waƙata kan ƙasar Turkiyya.

Ataturk ya ga Italiya ta taso,
Ta cinye Habasha babu kunya.

Ya tura wazirinsa Aras Tehran,
Ya nemo maƙwabta a zauna ɗaya.

Ƙasashe huɗu suka sa hannu,
Garkuwa ce, ba batun ƙarya.

Hajiya Mai Alƙalami:

Baban Zainab, sannu da ƙoƙari,
Sai dai ka ɗau tatsuniya.

Ina Rum, ina duwatsun Kabul?
Musolini can ba shi da hanya.

Buɗe sashe na bakwai ka duba,
A nan aka binne gaskiya.

Kurdawa ne abin tsoronsu,
Kada su samu wurin ɓuya.

Sashen da nake nufi ya wajabta wa kowace ƙasa ta hana ƙungiyoyi masu makamai kafa sansani a cikinta domin su tayar da fitina a maƙwabciyarta. A boren Ararat na 1930, 'yan tawayen Kurdawa suna tsallakawa Iran idan sojan Turkiyya ya matsa musu, kuma wannan ne ya sa aka gyara iyaka a 1932, ƙaramin dutsen Ararat ya koma hannun Ankara. A shekarar da aka sa hannu ma, ana cikin yaƙin Dersim tsakanin sojan Turkiyya da Kurdawa.

Auta:

Hajiya ta harba, an ji ƙara,
Baba ya nemi inda zai ɓuya!

Malam Mai Arula: Hajiya, hujjarki tana da ƙarfi, amma baitinki na farko ya yi ɗingishi, domin ɗango na farko gaɓa goma ne, na biyu kuwa takwas. Shi kuma Auta ya sace miki "ɓuya" tun tawadar ba ta bushe ba.

Hajiya Mai Alƙalami: Allah gafarta Malam, ai arula ba ƙidayar gaɓa ba ce, nauyi da sauƙinsu ake aunawa. Kuma ban ga ka tanka wa baitin Baban Zainab na uku ba, wanda ya cusa waziri da sunansa da birni a ɗango guda har numfashi ya ƙare.

Malam Mai Arula:

Na auna da nauyi, na auna da sauƙi,
Ƙafar dai ta nan ta karya.

Auta: Malam, kowa ya san kai da Baba ɗakin karatunku ɗaya, shi ya sa ma'auninka yake kallon gefe guda.

Kawu Na-Kukawa: Ku yi haƙuri da jinkirina, 'ya'yana. Ku bar faɗan ƙari ku ji yadda Santambul, fadar daular Turkawa ta dā, ta yi da maƙwabcinta na kudu, lokacin da ikonta ya kai Fezzan, a kudancin Libiya ta yau.

Mai Idris Alooma na Barno,
Ya aike wa Murad da manzanniya.

Ya roƙi a mai da mai ganuwarsa,
Aka ba shi zaƙin baki da gaisuwa ɗaya.

Amsar Sarki Murad na uku ta fito a 1577, kuma da Mai Idris bai samu biyan buƙata ba, sai ya juya ga Sarkin Maroko.

Malam Mai Arula: Kawu, da girmanka, "manzanniya" mace ce, amsa-amo ne ya tilasta ka.

Baban Zainab: Na dawo kan Hajiya. An fara amincewa da daftarin yarjejeniyar nan a Janeba a watan Oktoba na 1935, watan da Italiya ta afka wa Habasha, kuma rikicin Iran da Iraƙi kan kogin Shaɗɗul Arab ne ya jinkirta ta, har aka sasanta shi ranar 4 ga Yuli, 1937.

Ki duba wata, ki duba shekara,
In dace ne, to dacen ya yi dubiya.

Ga ƙawancen Balkan can yamma,
Da Girka, Romaniya, Yugoslabiya.

Katanga biyu Ataturk ya gina,
Ya bar Turkiyya a tsakiya.

Hajiya Mai Alƙalami: Ƙawancen Balkan na 1934 domin tsare iyakoki daga Bulgeriya aka yi shi, kuma Girka ta gindaya sharaɗin cewa ba zai ja ta yaƙi da babbar ƙasa irin Italiya ba.

Katangar taka mu gwada ƙarfinta,
Da ranar da wuta ta kama duniya.

Ingila da Rasha sun shiga Iran,
Riza Shah ya sauka, Ankara ta yi shiru da murya.

A watan Agusta na 1941 suka shiga, Riza Shah, Sarkin Iran, ya sauka a Satumba, kuma babu ɗaya daga cikin ƙawayen uku da ya aika ko da soja guda, domin alkawarin rashin kai wa juna hari da tuntuɓar juna aka yi, ba na taimakon soja ba.

Malam Mai Arula: Ɗangon nan na ƙarshe ya isa baiti biyu, Hajiya.

Auta: Malam, ka kawo naka baitin kan 1941 mu auna shi da ma'auninka.