Ƙuraje a kan gaɓoɓin yatsu, an ce damatomayosaitis ne: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata ce, shekararta 46, 'ya'yanta biyar, sana'arta wanki da guga. Tun bayan ƙaramar sallah fatar bayan yatsunta ta yi duhu da kauri daidai kan gaɓoɓi, gindin farce ya kumbura yana zafi. Muka ce sabulu ne, aka canza. Mijinta ya ce sammu ne, aka yi rubutu, sannan aka sayo man shafawa a kemis. Yanzu likitan fata ya ce damatomayosaitis ne, wai ciwon kumburin fata da tsoka, ya rubuta gwaje-gwaje har da hoton ƙirji na CT. Ita kuwa da ƙarfinta, gwajin jini na CK, mai nuna lalacewar tsoka, ma ya fito lafiya. Ina ruwan hannu da ƙirji? Kuɗin ne babu wallahi.

Likita: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Abin da kika siffanta shi ne ƙurajen Gottron. A farar fata shunayya suke yi, a baƙar fata duhu kawai ake gani, shi ya sa ake ɗaukarsu kyasbi ko cin sabulu. Wurin da suka zauna ne shaida: a kan gaɓar suke, na lufus kuwa, wani ciwon garkuwar jiki mai kama da shi, ya fi zama tsakanin gaɓoɓi. Garkuwar jiki ce ke zubo sinadarin intaferon fiye da kima, tana lalata ƙananan jijiyoyin jini na fata da tsoka. CK mai kyau bai wanke ta ba, akwai nau'in da ba ya taɓa tsoka. Ana gane nau'in ciwon ne da sinadaran garkuwa da ake aunawa a jini. Mai anti-MDA5 kan fito da gyambo a yatsu da ƙuraje masu zafi a tafin hannu, kuma yana iya cin huhu cikin makonni. Idan gefen yatsu ke tsagewa kamar na makanike, anti-Jo-1 ake nema. Anti-TIF1 kuwa da ciwon daji yake tafiya, musamman a shekaru 3 na farko bayan bayyanar ciwon. Ki duba mini tafin hannunta.

Mai harhaɗa magunguna: Hajiya, a daina man kemis ɗin nan. Yawancinsu clobetasol ne, maganin kumburi mai ƙarfi, yana sirantar da fata ya ɓoye ciwon. Abin takaici, ba takarda ba komai ake miƙa wa mutane. Tunda tsoka lafiya, ku tambayi likitanta maganin hydroxychloroquine, ta guji rana, ta riƙa shafa man kariya SPF 50. Hoton zai iya jira.

Likita: Ba zai jira ba, Malam. Kuma hydroxychloroquine kan tayar da sabbin ƙuraje ga masu wannan ciwo fiye da masu lufus. Idan huhu ya taɓu, maganin prednisolone wajen miligiram 1 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana ake farawa, haɗe da wani mai danne garkuwa, bayan an duba tarin fuka da ciwon hanta B.

Ma'aikaciyar jinya: Likita, gwajin anti-MDA5 ɗin nawa ne ke iya biyansa? Ana rubuta wa talaka takarda, ya ninke ta ya koma gida. A sa mata na'urar auna iskar jini a yatsa, ta yi tafiyar minti 6 a sake aunawa. Idan iskar ta sauka, a sayar da abin sayarwa a yi hoton.

Mai tambaya: Na gode. Amma gaskiya man ya rage mata ƙaiƙayi, ba mu shafa shi don wauta ba. Akwai wani ɗan gyambo a tafin, amma dutsen guga ne ina ga. Tarin ma na hazo ne, kowa a gidan yana yi.

Likita: Wane tari kuma? Tun yaushe?