Mirai ta hannu a Kalifoniya: in saya ko in haƙura?

Baban Hafsat: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ina zaune kusa da Sakramento, kuma na ga Toyota Mirai ta hannu, fes da ita, kuɗinta bai kai rabin na Corolla sa'arta ba. Dillalin ya ce iskar haidurojin take sha, ba ta hayaƙi, ruwa kawai ke ɗiga ta ƙasanta. Hankalina ya tafi a kanta, don ina so in rage ƙona fetur. Waɗanda suka san ta, me kuka gani?

Injiniya Sule: Wa alaikumus salam, Baban Hafsat. Dillali bai yi ƙarya ba. Motar lantarki ce, sai dai ita take haɗa wutarta tana cikin tafiya. Haidurojin na fitowa daga tanki, ya gamu da oksijin na iskar da muke shaƙa a cikin wata na'ura, sai a samu wutar da ke juya taya, abin da ya rage kuma ruwa ne. Toyota ta fito da ita a 2014, ta sabunta ta a 2020. Sabuwar tana ɗaukar kilo 5.6, tana yin kusan kilomita 640, kuma a minti 5 an cika ta. Ta fuskar ƙira babu abin kushewa. Amma kafin ka sake duba motar, fara duba inda za ka riƙa shan iskar.

Maman Sadik: Yaya, ni na riƙe ta a Los Anjelis, bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Daɗin tuƙi kam akwai shi, shiru kake ji. Har wani maɓalli gare ta da kake dannawa ta zubar da ruwanta a waje kafin ka shiga gareji. Wahalar tana gidan iska. Sai ka duba waya ka ga famfo na aiki, ka yi tafiyar rabin awa, ka tarar ya tsaya ko iskar ta ƙare. Idan layi ya yi tsawo kuma, bakin tiyo daskarewa yake yi ya manne a jikin mota, domin ana sanyaya iskar har maki 40 ƙasa da sifili. Na sha tsayawa da yara a baya ina jiran ƙanƙara ta saki. Ga kuɗi: a 2023 kilo ɗaya ya kai dala 36, wato cika tanki wajen dala 200 ke nan. Mai sayen sabuwa ana ba shi katin shan iska na dala 15,000, kuma da katin ya ƙare mutane ke neman kai da ita. Dalilin arahar ke nan, araha kuwa ba ta ado.

Malam Buhari: Ƙari a kan maganar Maman Sadik, a 2024 duk Kalifoniya gidajen haidurojin na ƙananan motoci 50 ne da 'yan kai, yawancinsu a kewayen Los Anjelis da San Faransisko. A Fabrairun 2024 Shell ta rufe nata guda 7, har da na yankinku na Sakramento. Kana fita daga jihar kuwa shi ke nan.

Baban Hafsat: Allah Ya saka. To in ta gagare ni nan, ba zan iya tura wa ƙanina ita Kano ba? Na ji ana ta buɗe gidajen gas a gida.

Kawu Direba: Kul, ɗana. Wancan gas ɗin CNG ne, wanda aka koma wa bayan cire tallafin mai a 2023, kuma ba jinsinsu ɗaya ba. Shi ana matse shi har bar 200 a ma'aunin matsin iska, tankin Mirai kuwa bar 700 yake ɗauka, injinta ma bai san CNG ba. Babu inda ƙaninka zai sha haidurojin a Najeriya, ajiye ta kawai zai yi ta sha ƙura. In taimakonsa kake so, aika masa kuɗi ya mai da motarsa mai amfani da CNG a wurin waɗanda aka tantance, ya kuma guji masu walda tukunya a bakin titi.

Hajiya Rakiya: Ni abin da ya dame ni shi ne maganar "ba ta hayaƙi". A jikin motar gaskiya ne. Amma akasarin haidurojin na duniya daga iskar gas da kwal ake tatso shi, kuma kilo ɗaya da aka samu daga gas yana sakin kusan kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon a masana'anta. Mai tsabtan, wanda ake raba ruwa da wutar rana ko ta iska a samu, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ɗin ma yana cin wuta sama da yunit 50 kafin a samu kilo guda, kilon kuma ya kai ka kilomita 100 da ɗoriya. Mota mai batir da yunit 15 zuwa 20 take cin wannan nisan. Tunda niyyarka rage gurɓata iska ce, ƙanina, wannan lissafin za ka riƙe.

Injiniya Sule: Hajiya, lissafinki daidai ne, amma kada mu yar da fasahar gaba ɗaya. Tun 2020 manyan motocin kaya na Hyundai Xcient ke aiki da haidurojin a Suwizalan. Inda kaya ke da nauyi, tafiya da nisa, kuma motoci na kwana a gareji ɗaya mai famfonsa, tana da gurbi.

Hajiya Rakiya: Na yarda da na manyan motoci, Injiniya, amma can ma batir na biye da ita. Birnin Monfeliye a Faransa ya fasa sayen bas-bas 51 na haidurojin a 2022, da ya ga kuɗin tafiyar da su ya ninka na masu batir sau 6. Jihar Saksoni ta Ƙasa a nan Jamus, wadda ta fara ɗaukar fasinja a jirgin ƙasa na haidurojin a 2018, ta ce a 2023 masu batir za ta saya nan gaba.

Baban Hafsat: To me zan saya ke nan?

Malam Buhari: Ya danganta da gidanka. In kana da wurin ajiye mota mai soket, nemi mai batir ta hannu kamar Chevrolet Bolt ko Hyundai Kona, ka sa a auna maka lafiyar batirin kafin ka biya. In gidan haya ne na sama babu wurin caji, Prius mai haɗa fetur da batir ta fi maka kwanciyar hankali.

Maman Sadik: In kuma zuciyarka ta nace a kan Mirai, Yaya, kada ka ba da ko sisi sai ka yi sati biyu kana bibiyar famfon da ya fi kusa da kai safe da yamma. Ka tambaya ko za a haɗa maka da katin iska, a rubuce. Sannan ka buɗe murfin wurin ɗura iskar, akwai takarda manne da ranar da wa'adin tankin zai cika. Bayan ranar ba a yarda a sake ɗura masa ba.

Baban Hafsat: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Akwai soket a garejinmu, zan yi wa mai gidan magana ranar Asabar. Malam Buhari, turo mini abubuwan da ake dubawa a jikin batirin.